Shanun Malam a Buhun Gero

Mijina, Malam, yana da shanu bakwai, kuma duk zaman da muka yi a Katagum a cikin kabad suke kwana. Na laka ne, gasassu, jajaye, babbansu bai cika tafin hannuna ba. Bijimi ɗaya, mata biyar, sai ɗan maraƙi wanda bai fi babban yatsa ba. Ni Babarbariya ce, shi kuwa Bafulatanin Udubo, kun ga ke nan tun ina amarya na samu abin tsokana. Da ya fara yi mini bugun ƙirji da arzikin Fulani sai in ce to a buɗe kabad a tatso mana na karin kumallo. Shi kuma ya yi murmushin nan nasa mai ƙona rai, ya ce Barebari ba sa gane dabba sai sun gan ta a tukunya.

Na daɗe ina wannan tsiya kafin ya gaya mini asalinsu. Lokacin da za a kai shi makarantar kwana yana yaro, kuka ya dinga yi, ba don uwa ko uba ba, wai don zai rabu da shanu. Sai wansa, wanda suke kira Hamma, ya ɗebo laka a bakin tafki ya zauna ya gina masa na gidansu, kowace saniya da kamanninta, ya gasa su a murhu, ya ce ga naka ka tafi da su. Malam bai gama makarantar ba annoba ta shigo ta share shanun gaskiyan, ko ɗaya ba ta bari ba. Hamma ma bai yi tsawon rai ba, ko aure bai yi ba Allah ya karɓi abinsa. Ba hotonsa, ba rigarsa. Abin da hannunsa ya taɓa wanda ya rage a duniya shi ne waɗannan bakwai ɗin. Ranar da na ji haka na ji kunya ƙwarai. Tsokanar dai ban daina ba, don in na daina sai ya zaci ba ni da lafiya, amma daga ranar ni nake kaɗe musu ƙura da gashin kaza.

Ba su kaɗai ba ne a kabad ɗin. Malam koyarwa ya yi har ya yi ritaya, mutum ne mai furfura da ɗaure fuska, in ya biyo layi har magidanta gyara tsayuwa suke yi. Amma ku zo ku gan shi a ɗaka. Littattafan zane yake tarawa, irin waɗanda ake zana labari gida-gida, magana tana fitowa daga bakin mutane a cikin ɗan ƙwai. Tun yana kwaleji yake saye a wajen wani ɗan kudu mai shagon takardu a kasuwar Azare. Mutumin ya tsufa ya bar wa ɗansa shagon, ɗan kuma ya gaji Malam haɗe da kanta da kujera. Ban da littattafan akwai motocin gwangwani da ɗalibansa suka ƙera ya ƙwace a aji bai mayar ba, da ƙananan motocin ƙarfe, da sojojin roba, da wani jirgin sama mai makulli a gindi wanda in an murɗa yake zagaye ɗaki yana kuka kamar ɗan tsako.

Duk wannan dukiya ba wanda ya sani a danginsa. Kunyar Fulani ba ta bari a ce babban mutum yana wasa da mota. Musamman yayarsa, Adda, wadda take aure a Giade. Da an ce Adda tana hanya sai kabad ya sha kwaɗo, makulli ya shige aljihun 'yar ciki.

To, da ya yi ritaya, gidan da muka daɗe muna lallaɓawa a Azare ya kammalu, aka sa ranar tashi a farkon damina. Ni hankalina yana kan tangaran ɗina da katifu da tukwane. Shi kuwa tun saura mako biyu ya daina cin abinci da kyau, yana zagaye kabad yana tsaki.

Na bi shaguna na tattaro masa kwalaye, ina jin na yi abin arziki. Mutumin nan ya zauna yana sansanarsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen turare. Na taliya da na man gyaɗa ya ce kyankyaso zai biyo ƙanshi. Na sabulu ya ce yana jawo laima. Wanda ya rage ya danna shi da yatsa ya ce ruwan sama ɗaya zai mayar da shi kunu. Ina tsaye ina kallonsa sai na ga idonsa ya sauka a kan akwatin ƙarfen lefena, wanda na yi niyyar jera zannuwana a ciki. Na ce wallahi kada ma ya fara. Ya ce shi bai ce komai ba. Na ce idonsa ya ce. Muka yi kwana biyu ana gaisuwa sama-sama. A rana ta uku na juye zannuwana a zanin gado na ƙulle, na turo masa akwatin da ƙafa, da sharaɗin shi zai naɗe mini tangaran ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ya amince da sauri har na gane na yi araha.

Sai a lokacin na san dalilin da ya sa shekara da shekaru yake adana ledar da ake sako sabuwar shadda da riga a ciki. Ni duk a zatona maƙo ne. Ashe kowane littafi ledarsa daban. Za a goge bangon da busasshen ƙyalle, a buɗe a duba ko asu ya shiga, a zura a leda, amma ba za a liƙe bakin ba, wai takarda ma tana gumi. A jera su goma-goma a kwance, wannan ƙeyarsa dama, na samansa ƙeyarsa hagu, don kada tarin ya karkace. Tsakanin kowane goma a sa yankakken kwali. A ƙasan akwati ya shimfiɗa ganyen darbejiya saboda gara da ƙwari, busasshe ƙayau, a cikin tsohon ɗankwalina, don ɗanye yana ɓata takarda. Kafur kuma ya ƙulle a hankici ya cusa a kusurwa inda ba zai taɓa littafi ba. Na kawo robar ɗauri don in taimaka, ya karɓe ta daga hannuna kamar na ɗauko kunama, ya ce ita ce take cin gefen takarda.

Aikin gogewa aka ba ni. Ina cikin yi ina mita, ina cewa da wannan lokacin a kan karatun addini aka ɓata da yanzu mun zama waliyyai, sai wani littafi ya buɗe a cinyata. Labarin wata bazawara ce mai tuƙa babbar mota, ɓarayi suka biyo ta, ita kuma ba ta da tsoro ko na sisin kwabo. Na ce bari in ga shafi ɗaya. Ban farga ba sai da ƙaurin shinkafa ya cika gidan. Abin haushi, labarin ya yanke daidai inda motarta ta tsaya a bakin gada, tayar gaba tana lilo. Na tambayi Malam ina ci gaban, ina yi kamar ba damuwa na yi ba. Ya ce ai tun ɗazu ya shige ƙasan akwati, sai mun je Azare. Na ce ya fito da shi. Ya ce goma-goma har hawa shida ne a kansa. Na ce ko hawa ɗari ne. Haka ya kwashe su tas yana dariya har da hawaye, ni kuma na zauna a kan turmi na karance abina, muka ci ƙonanniyar shinkafa ba wanda ya yi ƙorafi.

Motocin ba su ba mu wahala ba. Na ƙarfen kowace ta shiga cikin tsohuwar safa, na gwangwanin ya kifa musu tsofaffin hulunansa, sojojin suka cika gwangwanin madara. Jirgin ya zare masa makulli ya ɗaure da zare a fiffike don kada ya ɓata.

Shanun ne suka gagara. Ƙahonninsu sirara ne kamar tsinken sakace, kuma laka ce da ta kwana biyu a duniya. Ya gwada auduga, ƙaho ya sarƙe a ciki. Ya gwada takarda, ya ce tana da kaifi. Ya ce zai riƙe su a cinya, na tuna masa direba da masu lodi duk tsofaffin ɗalibansa ne, ga Adda za ta riga mu isa sabon gidan don ta tarbe mu.  Hanyar kuwa kowa ya san ramukanta. Kwana uku ina ganinsa yana fito da su ya jera, ya mayar, har ya fara ba ni tausayi.

Ina tankaɗe sai kakata ta faɗo mini a rai. Ita in za ta kai ƙwan zabi kasuwa a kan jaki, a cikin gero take binne su, kuma ban taɓa jin ɗaya ya fashe ba. Na gaya wa Malam, ya yi mini kallon wadda ta zautu. Ban yi gardama ba. Na ɗauko ɗanyen ƙwai na tura a tsakiyar buhun gero, na ɗaure, na kayar da buhun, na mirgina shi daga bakin madafa har zaure, na hau na zauna a kai. Na kwance na zaro ƙwan lafiya lau na miƙa masa. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce ashe ana samun hankali a Barno. A shekarun aurenmu ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Buhu biyar muke da shi na geron bara. Muka rage ɗaya, na sa bijimin a can ƙasa, na zuba gero, na sa mata biyu nesa da juna, na zuba, haka haka, ɗan maraƙin a sama tunda shi ne marar nauyi, na rufe shi da gero kamar kamu ɗaya. Na ɗinke bakin da basilla. Don kada ya ɓace a cikin 'yan'uwansa na yago jan ƙyalle na ɗaura masa a kunne. Malam ya sa na yi alkawarin ko da wasa Adda ba za ta ji ba.

Ranar tashi akori-kura biyu muka cika. Mun yi nisa hadari ya haɗo, aka tsaya za a ja tampol, sai ga shi bai isa ya rufe komai ba. Kafin in buɗe baki Malam ya sa an lulluɓe akwatin ƙarfe da buhunan gero, katifata tana waje tana shan yayyafi. Na faɗa masa maganganu daga nan har muka hango Azare, shi kuwa ko a jikinsa, sai leƙe yake ta madubi yana duba tampol.

Muka tarar da Adda ta share gidan, ta turare kowane ɗaki, ta riga ta san sunan maƙwabta har gida na biyar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta, amma in ta yi magana ba mai cewa a'a. Malam da furfurarsa Auta take kiransa, ni kuma da jikokina har yau amarya ce. Ta tsaya a tsakar gida tana nuna wa masu lodi inda za su ajiye kayana a gidana. Aka jibge buhunan a ɗakin ajiya, na leƙa na ga jan ƙyallen yana nan, na yi wa Malam ido. Ba halin kwancewa tunda Adda tana ko'ina, sai muka bar shi a kan in ta koma Giade. Akwatin kam ya shige da shi ɗakinsa ya turo ƙofa, ya ɗora shi a kan bulo huɗu nesa da bango, ya buɗe. Ko kunnen takarda ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya fito yana walwala har Adda ta tambaye shi ko kyauta aka yi masa.

Washegari da safe Malam ya tafi gaida mai unguwa da liman, ya gayyace su addu'ar shiga gida da za a yi jibi. Ni kuma na shiga gaida maƙwabciyarmu, wata 'yar kudu mai sayar da kayan miya wadda ta fi ni iya Hausar Azare. Hira ta yi daɗi, ta ba ni labarin unguwar kaf, wa ke da rijiya mai daɗi, wa ke da kaji masu ɓarna. Da na dawo na wuce ɗakin ajiya zan ɗebo wake. Na ga buhu huɗu.

Na ƙirga da ido, na ƙirga da hannu. Huɗu ne, kuma ba mai jan ƙyalle. Na fito na tarar da Adda tana tsince shinkafa, fuskarta fal fara'a.

Ta ce, "Amarya, yau kin burge ni. Na ga har kin ware na kunun sadaka kin ɗaura masa ƙyalle. Na kira mai baro ya kai inji tun ɗazu, a surfa a niƙa."

Ku ji fa. Duk macen da ta taɓa aika hatsi inji ta san ƙyalle ake ɗaurawa don kada ya cakuɗe da na wasu. Ni kaina tun ina budurwa haka nake yi. Buhu mai ƙyalle a kunne ai buhu ne mai shirin tafiya inji, ko makaho ya shafa ya san haka. Duk wayon da na yi da ƙwai da kakata, wannan bai zo mini ba. Adda ba ta yi laifin komai ba, ni na rubuta mata wasiƙa da hannuna.

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai tsinci kaina a waje da hijabi a bai-bai, ƙafa ɗaya silifa ɗina, ɗaya na Malam. Ban ma san inda injin yake ba. Maƙwabciyar ta ga yanayina, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in miƙe in karya hagu a wajen masallaci, zan ji ƙararsa. Na miƙe, na karya, ina gudu irin na mace mai jikoki, ina kasa kunne. Ba ƙara. Shirun nan ya fi ƙarar tayar mini da hankali, don na ce shi ke nan an gama, an kashe inji, shanun Hamma sun zama gari.

Na tarar da mata a layi da kwanukansu suna ta ƙorafi an tsayar da aiki. Mai injin dogon mutum ne, dusa ta mayar da shi fari tun daga gira har ƙafa. Yana tsaye a bakin taga ya juya wa kowa baya. A kan dakalin tagar kuwa ga shanun Malam a jere, sun fuskanci titi kamar masu jiran a kai su kiwo. 

Ya juyo ya tambaya ko ni ce mai jan ƙyalle. Daga harshensa na gane Bafulatani ne, shi kuma ya dubi tsagen fuskata ya gane ni. Nan take ya ɗaga murya ya ce jama'a su zo su shaida, yau ga Babarbariya ta sato garke guda ta ɓoye a buhun gero. Matan suka kwashe da dariya, suka matso suna leƙe, wata ta ce a kira mai unguwa, wata ta ce a bar ni in biya da fura. Da a wata rana ce da na rama har sai ya nemi hanyar gudu. Ranar kuwa ƙirga kawai nake yi. Bijimi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na sake ƙirgawa.

Da ya ga haka sai ya bar wasan. Ya zaro wata 'yar takarda a aljihu ya buɗe mini. Jan gari ne da ɓarɓashi, sai ƙafa ɗaya 'yar mitsitsiya da ta tsira. Ya ce kwano na biyu da ya kamfata ya juye, sai ya ji ƙaras, ya ga ja-ja yana fita. Ya zaci dutse ne ya kashe inji. Da ya zura hannu a buhun don ya duba sai ƙaho ya soke shi, shi ne ya bi a hankali da yatsu ya tono sauran. Ya ce in yi haƙuri, Hajiya, da ya sani da bai kamfata ba. Na ce shi da ya cece ni, wane haƙuri kuma. Ya ɗauki saniya ɗaya ya ɗaga ta, ya ce duk wanda ya gina waɗannan ya yi kiwo da gaske, dubi wannan ciki ne da ita, wannan kuma daga tsayuwarta ka san ba ta da kirki. Ya samo ƙwarya ya zuba dusa, ya kwantar da su ciki da kansa, ya rufe da faifai.

Na dawo a hankali, ƙwarya a hannu biyu. Ina tafe ina shirya ƙarya iri-iri, ko wacce na ɗauko sai ta ƙi zama. Da na shigo na tarar Malam ya dawo, yana zaune a tabarma a inuwar zaure, Adda a gefensa tana ba shi labarin yadda na fita kamar an koro ni. Da na so, da na wuce ɗaka na jira ta tashi, alkawari ya tsira. Amma na ga fuskarsa, na san ya riga ya leƙa ɗakin ajiya, kuma ba zan iya barinsa cikin wannan hali ko na minti ɗaya ba. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa na ɗauke faifan.

Na ce, "Malam, shida ne. Maraƙin ya shiga inji. Ni na ɗaura ƙyallen, laifina ne, ba na kowa ba."

Na miƙa masa takardar. Ya buɗe ya daɗe yana kallo, bai dube ni ba. Ni kuwa ina durƙushe, hawaye yana zuba. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na faɗa ba, don bai iya faɗa ba. Tsoron kada ya yi shiru ya haɗiye abin, ya dinga kallona da shi har mu mutu.

Adda ce ta miƙo hannu. Ta ɗauki ɗaya ta kaɗe dusar, ta kai ta dab da idonta, ta juya ta.  Ta ce wannan ai mai harbin nan ce, wadda ta taɓa zubar mata da nono ƙwarya guda har aka yi mata duka a banza. Ta ɗauki wata, ta ce ga mai karkataccen ƙaho wadda ba ta shan ruwa sai kowa ya gama. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɓace mata. An kai ta Giade kafin a gina su, ba ta taɓa sanin suna duniya ba.

Ta ce, "Auta, hannun Hamma ne wannan?"

Ya gyaɗa kai, yana kallon tabarma kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Shekara nawa kana ɓoye mini ɗan'uwana?"

Ya ce kunya yake ji, kada a ce ya girma yana wasan yara. Ta ɗaga faifan ta maka masa a kafaɗa, tana kuka tana dariya, ta ce kunyarsa ta ci gidansu. Ni ma dariyar ta ƙwace mini a tsakiyar kuka. Ban taɓa ganin an daki Malam ba, kuma ban ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi.

Da ta lafa ta tambayi maraƙin, ta ce ita ba ta san shi ba. Malam ya ce bayan tafiyarta aka haife shi, shi ne wanda mahaifinsu ya nuna ya ce na Auta ne. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Share hawayenki, 'yar Barno. Nawa ne ya tafi. Waɗannan na Baba ne, kuma ba a taɓa raba gadonsu ba. Da suna bakwai ma ba su rabuwa. Yanzu kuwa namiji huɗu, mace biyu. Adda, zaɓi naki."

Na zaci za ta ce a'a, ya bar su a haɗe. Ina! Ta gyara zama kamar a kasuwar shanu. Mai harbin ta fara ɗauka ba ko tunani. Na biyun ta daɗe tana taɓa wannan tana ajiyewa, can sai ta damƙi bijimin. Malam ya zabura ya ce ai bijimi na namiji ne. Ta ce lokacin da take kwashe kashinsa shi yana can yana wasan ƙasa, in yana da ja ya kai ta gaban alƙali. Ya dube ni wai in sa baki, na ce ni ɓarauniyar shanu ce, ba a karɓar shaidata. Haka bijimin ya tafi.

Ranar Adda ba ta sake ba kowa umarni ba. Mai baro ya dawo da garin ba ta ko duba laushinsa ba, ni na dama kunun gwaji yadda nake so ba wanda ya ce ya yi ruwa. Tana nan zaune a tabarmar har aka kira azahar, shanun biyu a cinyarta, tana shafa bayansu da yatsa tana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ni Fulatancina bai wuce na gaisuwa da zagi ba, don haka na ja Malam gefe na tambaye shi me take gaya wa shanun.

Ya saurara kaɗan, ya ce ba da su take ba, Hamma take ba labarin jikokinta.